Facin da na sa aka yi wa katakon Sani

Daren Alhamis, watan Rajab

Barci ya ƙi zuwa. Tun da aka zaɓi jikana Sani ya buga wa makarantarsu ƙwallon tebur a Kano nake zaga Gwaram ina shela. Da safe na ga robar katakon wasansa duk ƙuraje, na zaci lalacewa ta yi. Na kai wa mai facin keke, ya ɓare ta, ya liƙa robar taya sumul. Ashe da ƙurajen yake tare ƙwallo mai juyi, kuma ko a Birnin Kudu babu irin robar da aka ɓare. Gobe motarsu za ta tashi.

Yaron da kullum yake tsokanata da "tsoho mai ran ƙarfe", yau durƙusawa ya yi ya ce, "Na gode, Malam." Wallahi gara ya zage ni.