Takalman Wietske a Buhun Dankali

Delfzijl, ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Roelof,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Marjan da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya kare ku da shanunku daga sanyin Kanada. Ni ƙalau nake, sai gwiwar nan da ka sani. Gwaggonka Griet an sallame ta daga asibiti, bakinta ma ya riga jikinta warkewa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san sai da na haura hamsin na iya riƙe biro. Na ƙi kiranka a waya ne don kuka yakan riga ni magana.

Maganar ƙanwarka Wietske ce. Ta rame, Roelof, har ana ƙirga haƙarƙarinta ta cikin riga. Likita ya ce ƙashin ƙaurinta ya soma tsagewa, ta bar gudu wata uku ko ya karye gaba ɗaya. Ta ƙi. Kullum sai ta yi gudun nan kafin aiki da bayan aiki. Akwai kuma wata magana ta mata da ta gaya wa Griet ta ɓoye mini, ba zan rubuta maka ba, ka tambayi Marjan abin da ke ɗauke wa mace idan ta ƙare haka.

Watan jiya ta kai ni wurin aikinta a jami'a, wai in ga ɓerayenta. Sai da suka sa mini rigar takarda da hula da safar hannu. Na ɗauka don kare ni ne, ashe don kada ni in shafa wa ɓera cuta. Ni da na tashi a jirgin dakon hatsi, inda kakanka ke nutsar da su a bokiti kafin ya karya kumallo. Ana buɗe ƙofa zarni ya buge ni, sau biyu na wanke gashina bai fita ba. Ɗakin ba taga, sai wata jar fitila, don sun juya musu dare da rana, su riƙa gudu lokacin da ma'aikata ke nan. Keji ya fi ɗari biyu, kowanne da wilinsa yana juyawa, ɓera na gudu a ciki, ƙarar kamar kekunan ɗinki. A wani kejin na ga jarirai jajaye ba gashi suna motsi a kan juna.

A jikin keji akwai ƴar takarda. Na tsaya na karanta da kaina, baƙi bayan baƙi, an rubuta gudun son rai. Na tambaye ta ma'anarsa. Ta ce ai ba mai tilasta musu, su ke hawa da kansu. Wai waɗanda suka fi gudu ake zaɓa a haɗa su su haihu, ƴaƴansu ma haka, yanzu an kai zuri'a ta sittin. Ta ce suna ninka ɓera na gari sau uku a gudu, ba kitse a jikinsu, zuciyarsu ta fi girma. Ta san haka ne don yanka su take yi ta ɗora zuciyar a kan ɗan ma'auni. Muna fitowa ta ciro burodi da cuku ta miƙo mini rabi da hannun nan. Na ce mata na ƙoshi. Na kuma ce wane irin son rai ne wannan, an shirya wa abu halinsa tun daga kakanninsa sannan a ce shi ya so. Ta yi dariya, ta ce tsohuwa ta yi tambayar da shugabansu ya shekara goma yana kewaya ta, gobe in zo a ba ni ofis. Ta ƙara da cewa in aka kulle musu wilin sai su haukace, su yi ta hawa murfi suna cizon waya, kamar mashayin taba da aka ɓoye wa kwali. Na ji da kunnena, amma ban riƙe ba.

Ranar Lahadi ta zo cin miyar wake. Ta cire takalmanta na gudu a bakin ƙofa, yadda na koya muku tun muna jirgi, ba a shiga ɗaki da takalmi. Tana cikin ci na lallaɓa na cusa su a buhun dankali a rumfar baya. Na ɗauka za ta yi fushi ta zauna, ko da wuni ɗaya ƙafar ta huta. Bayan kofi ta nema ta rasa. Roelof, ta yi ta kai da kawowa tsakanin falo da kicin, tana buɗe kabad tana rufewa, tana cizon farce. Abin da na gani a kejin nan shi na gani a falona, a jikin ƴar da na haifa. Da ta gane ni ce, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce to Mama, wa na gado? Wai ni da nake wanke tagogi sau uku a mako, da Babanku da bai taɓa ɗaure jirgi kwana biyu a waje ɗaya ba, mu muka haɗu muka haife ta, ko jami'a ba ta iya zaɓen da ya fi wannan ba. Na ce kada ta ƙara haɗa ni da mahaifinta da ɓera. Sai ta ɗauki takalman roba na marigayi Babanku Harm, waɗanda ƙafarta biyu za su shiga ɗaya, ta fita cikin ruwan sama. Ina tsaye a taga ina kallonta a kan bangon da ke tare ruwan teku tana gudu tana ɗingishi, har ta ɓace. Da na ba Griet labari ta ce ko ba komai takalman Harm sun sha iska. Ban yi dariya ba. Tun ranar ba ta ɗauki wayata ba.

Kai kaɗai take jin maganarka, tun tana biye da kai tana yaya yaya. Ka kira ta. Kada ka yi mata faɗa, kada kuma ka ce na rubuto. Ka ce kana buƙatar hannu a gona wata uku, ko wata dabarar da ta fi tawa, don tawa dabarar ƙara wa ƙafar ciwo ta yi.

Ka gaida Marjan, ka gaida Tjeerd da Femke, ka ce kakarsu ta karanta katinsu ba wanda ya taimaka mata. Griet na gaishe ku. Takalman suna nan, dankalin dai na zubar saboda wari. Na so in rufe da cewa sharri Wietske ta yi mini a maganar gado, amma sau huɗu na tashi a kan takardar nan, tagogin gaba kuwa duk sun wanku.

Mahaifiyarka,
Aaltje