Salatif a Kan Jar Fitila

Daren Laraba, Kabo

Alhamdu lillahi, mun dawo gida lafiya, injin ma bai buga ba.

Da hantsi na ɗauki Inna zuwa gaisuwar mutuwa a Kara. Muna dab da Gwarzo motar ta ƙi gudu. 'Yar ƙaramar motar nan mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, da nake cika baki da ita a majalisa, yau sai ga mai babur da buhunan masara yana wuce mu. Ina taka totur tana gurnani kawai. Raina ya ɓaci, har na ce gobe zan sayar da ita.

Inna ta ce, "Bi ta a hankali, Habibu. Ko dabba ba ta tirjewa haka kawai."

A Gwarzo Malam Sani makanike ya duba. Famfon ruwa ne ya tsage, na roba ne, ya ce ciwon irin motocin nan ke nan. Ruwan ya kusa ƙarewa, motar ce ta rage wa kanta gudu don kada injin ya ƙone. Ya tambaya ko ba ta kunna fitilar gargaɗi ba. Da ya leƙa ciki, sai ya sa farce ya ɓare baƙin salatif ɗin da wani makanike a Kano ya taɓa liƙe min fitilar da shi, wai kowace mota a ƙasar nan da fitilarta a kunne.

Inna ta girgiza kai. "Ashe baiwar Allah tana ta kuka, kun toshe mata baki."

Malam Sani ya canja famfon, ya cika ruwa, motar ta dawo daidai. Na fasa sayarwa. Da muka iso, sai da na wanke ta da hannuna kafin na ci tuwo.