Talatin Kacal

Litinin, 3 ga Maris
Mun karɓo sakamakon gwajin kunnen Auta. Bara sai ƙara ta kai 55 take ji, bana 85. Desibel suke ce wa ma'aunin. A mota mamanta ta ce, "Alhamdulillahi, talatin ne kacal ya ƙaru." Na ce haka ne. Ni, malamin lissafi na shekara goma sha bakwai, na dubi matata ido da ido na ce haka ne.

Laraba, 5 ga Maris
Kamar da gayya, logaridim ne darasin 'yan aji biyar a makon nan. Na rubuta musu 10, 100, 1000. Na ce logaridim ba ruwansa da nawa ne, tambayarsa sau nawa aka ninka goma: ɗaya, biyu, uku. Lambar na tafe a hankali kamar mai ciwon ƙafa, abin da ke bayanta kuwa gudu yake. Wata mai surutu a layin baya ta ɗaga hannu, "Malam, wai meye amfaninsa a rayuwa?" Duk shekara sai an sami mai wannan tambaya, kuma amsata a shirye take: auna girgizar ƙasa, tsamin ruwa, ƙarfin ƙara. Yau da na zo kan ƙara sai na yanke bayanin. Na ce su buɗe shafi na 62 su yi aiki.

Alhamis, 6 ga Maris
Kowane desibel goma ninki goma ne. Talatin kuwa, goma sau goma sau goma. Dubu. Da ma ban iya ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Inna ta zo duba jikarta. Ita maganinta ɗaya ne: "Ku ne ba ku ɗaga murya, kuna magana kamar masu jinya." Ta tsaya bayan Auta ta ƙwala mata kira har maƙwabciya ta leƙo. Yarinya na ta jera murafun kwalba, ko gezau.
Na yi lissafin a bayan ambulan. Mutum biyu su kira tare, desibel uku kawai suka ƙara. Mutum goma, goma. Kafin ta ji ni yadda take jina bara, sai an tara irina dubu a falon nan muna kira baki ɗaya. Ina zan samo ni dubu? Ni ɗayan ma da kyar nake tsaye.

Talata, 11 ga Maris
Likita ta ce na'urar kunne za ta taimaka, amma kada mu dogara da ita kaɗai. Mu fara koyon maganar hannu, akwai aji duk Asabar. Na ce a'a, da ƙarfin da sai da na ji kunya. Yarinyar da ta taɓa ce mini Baba da bakinta, haba! Ba zan...
A can ma ban ƙarasa ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Na faɗa wa mamanta gaskiya tana ninke wanki. Har da zana mata sifili uku, kai ka ce a aji nake. Ta ce, "Baban Auta, ka ɗauka ban sani ba? Ni nake yini da ita. Tukunya ta faɗi a bayanta ba ta waiwaya ba. Don kai na ce kacal." Ta ci gaba da ninke riga guda, ta warware, ta sake ninkewa.
Wallahi zuciyata ta karye. Ashe mako uku kowa lallaɓa ɗan'uwansa yake yi.

Asabar, 22 ga Maris
Sun tafi ajin su biyu. Ni ina da takardun gyarawa.

Asabar, 5 ga Afrilu
Ruwan sama ne ya sa na kai su, kuma babu wurin fakewa a waje, shi ya sa na zauna a bencin baya. Malamar ta ce kowane yaro ya ƙirƙiro wa mutanen gidansu alama. Auta ta waiwayo tana nemana. Ta goge tafin hannunta biyu a gaban riga, yadda nake goge alli in na dawo daga aiki, ta nuna ni, ta sake yi. Wai ni ke nan. Aji ya kwashe da dariya.
Ban ce na yarda ba fa. Yatsun nan nawa dai sun yi tauri, "zo nan" ma ya gagare ni. Sau biyu tana kama babban yatsana tana gyarawa, tana hararata.
Mako mai zuwa ajin ƙarfe tara ne, ba goma ba.