Hannuna Ya Fara Motsi

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya jikin Inna, ƙafar ta sake ta kuwa? Ina gajiyar hidima? Mu nan Doha sai godiyar Allah.

Albishirinki! Hannun nan nawa da ya shanye tun haɗarin mota ya fara motsi. Ranar Juma'a na ɗauki kofin shayi da shi, bai faɗi ba. Sai dai tallafin da inshorar kamfani ke ba ni na wanda ya kasa aiki ne, kuma sharaɗinsu in sanar da su duk canjin da na gani. Sabi'u abokin ɗakina ya ce, "Bashir, yi shiru mana! Wa ya gan ka? Khalas za su ce, wato shi ke nan, su yanke tallafin."

Ni kuwa so nake in ji me suke kira sauƙi. Riƙe kofi ne, ko riƙe sitiyari, tunda tuƙi ne aikina? Na tafi ofishinsu a unguwar Mushairib na faɗa. Wata ma'aikaciya ta miƙo min biro ta ce in damƙe. Na damƙe, ya suɓuce. Ta yi murmushi ta ce ba za a taɓa komai ba sai likita ya gwada ni mako mai zuwa, wataƙila ma a nema min aikin zaune.

A gaida kowa da kowa. Ki ce Inna ta sa ni a addu'a, don ban taɓa sanin mutum yana samun sauƙi gabansa na faɗuwa ba sai yanzu.

Ƙaninki,
Bashir