Katin Inshora Zai Daina Aiki, Cikin 'Yata Ya Shiga Wata Tara

Assalamu alaikum Ummulkhair. 'Yar nan, ki agaje ni da shawara kafin in aikata abin da labarinsa zai riga ni isa Haɗeja. Ki yi haƙuri da rubutun, karatun yaƙi da jahilci na yi.

Ni tsohuwa ce mai jikoki, na zo Dubai wankan jegon yarinyar wajena. Ita ce ta fari, kin san bakina ba zai kama sunanta ba. Ta daɗe da aure, sai bana Allah ya kawo rabo. Mijinta yana aikin kwantena a Jebel Ali. Da cikin ya yi ƙwari na aika a kawo mini ita goyon ciki kamar kowace 'ya. Sai ya turo ƙaninsa wai ba sai ta zo ba, ya yi mata inshora, akwai wani kati da in an nuna shi asibiti har rawar jiki suke yi. Shi ya biya mini kuɗin jirgi, ba zan ɓoye alherinsa ba. Na kwaso kanwata da garin kunu da yaji, har da busasshiyar darbejiya da wani ɗan sanda ya yi ta sunsuna a filin jirgi kamar zai sha.

To ga katin nan mun gani. Ran Talata muka je awo, yarinyar da ke kan tebur ta juya shi gaba da baya, ta ce khalas, wato shi ke nan, daga ƙarshen wata ba sa karɓar irinsa. Maƙwabciyarmu Hamidatu, 'yar Kumasi, ita ta karanta mini labarin a waya. Wai asibitin ya ce abin da kamfanin inshora ke biyansu bai kai ba. Shi kuma kamfanin ya fito a jarida ya ce asibitin ne ya cika haɗama. Kowa ya wanke kansa tas, kowa wai tausayin marasa lafiya ne ya hana shi barci. Tausayin banza! Ko a kasuwar garinmu, dillali da mai akuya in za su yi cacar baki sai sun bari mai saye ya ja akuyarsa. Lokacin da suke karɓar kuɗin yaron nan ai bakinsu ɗaya. Sai da ciki ya shiga wata tara suka tuna ba su shirya ba? Ciki yana jiran a gama ciniki ne?

Abin da ya fi ƙona mini rai, likitarta 'yar Sudan ce, tun cikin yana ƙarami take duba ta, har Hausa take ɗan taɓawa. Ita ta ja ni gefe ta ce jinin yarinyar yana hawa, ƙafafunta sun kumbura, a sa ido sosai. Yanzu kamfanin ya ce mu koma wani asibiti can nesa, wurin wanda bai taɓa ganin fuskarta ba. Gida kuma ba dama, jirgi ba ya ɗaukar ciki irin wannan.

Shi kuwa gogan, mijin nata, ya dawo aiki ya durƙusa bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa daga bayan labule, ya shige da wayarsa. Ko uffan. Ban san ko ya san maganar jinin nan ba, ni kuma da wane ido zan dubi suruki in yi masa zancen ciki? Ita ma tun da aka haife ta ban taɓa zama na yi doguwar magana da ita ba.

Ina da awarwaro biyu na zinari da na sayo a Makka. Hamidatu ta ce za ta raka ni kasuwar zinari ta wajen Al Ras. In sayar in biya asibitin a ɓoye? Ko in ɗauki dardumata in shimfiɗa a ƙofar ofishin inshorar har sai sun ji kunya? Wallahi na biyun ya fi kwanta mini.

Kakar wasu, Al Qusais

Wa alaikumus salam Hajiya. Fushinki yana kan hanya. Ba daidai ba ne a bar mai tsohon ciki tana yawon neman inda za ta haihu saboda manya sun kasa daidaita farashi. Mai yiwuwa asibitin yana da gaskiya kan tsadar aiki, kamfanin ma yana da tasa, amma ba ke za ki raba su ba, kuma mai gadi kawai za ki samu a ƙofar ofishin.

Ki ajiye awarwaronki. Haihuwar da ake tsoron hawan jini a cikinta ba a san inda kuɗinta zai tsaya ba. Kina iya rasa zinarin, aikin bai ƙare ba, surukinki kuma ya ji daga bakin wasu.

Ga abin yi. A koma wurin likitar tun katin yana aiki, ta rubuta bayanin halin da 'yarki ke ciki, a karɓi kwafin duk gwaje-gwajenta. Surukinki ya kai wa kamfanin inshorar wannan bayani, ya nemi izini a rubuce ta ƙarasa a hannun likitarta. Wani lokaci sukan amince wa mai ciki irin nata. In sun ƙi, ya kai ƙara hukumar lafiya ta Dubai. Ku tambayi likitar ko tana aiki a wani asibitin da katin ke shiga, ko ta haɗa ku da wadda ta yarda da ita. In kuwa yarinyar ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko ta ga jini, ku nufi sashen gaggawa mafi kusa nan take, maganar kati daga baya.

Sai dai, Hajiya, duk wannan ba zai yiwu ba muddin ku ukun kuna gida ɗaya kowa yana jin nauyin kowa. Shirun surukinki ba lallai rashin damuwa ba ne. Mutumin da ya hana a kai matarsa gida saboda ya amince da kati, yanzu katin ya ba shi kunya a gabanki, me zai ce? Ta yiwu kamfanin yake ta kira a wayar nan. Ta yiwu kuma shi da matarsa suna ɓoye miki abin da kike ɓoye musu. Kunya ado ce, amma wannan maganar rai ce. In labulen ne ya fi miki sauƙi, ki yi maganar ta bayansa, ba sai kin dube shi ba. Amma ki yi ta yau, da bakinki, ba ta bakin Hamidatu ba.

Allah ya raba su lafiya, ya ba ki ikon goya abin da aka haifa.

Ummulkhair