Kada a Kashe wa Murjanin Nan Wuta a Hutun Babbar Sallah

Zuwa ga Mai Girma Mudir, shugaban cibiyar binciken teku da nake wa aiki a nan Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ranka ya daɗe kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, kuma Allah ya nuna mana wannan Arfa da rai da lafiya.

Ni ne Dakta Bawa Ɗanladi, mutumin Yawuri, mai kula da ɗakin murjani a hawa na ƙasa. Na rubuto da Hausa ne don na san kakanka daga ƙasarmu ya taso a ƙafa ya zo aikin Hajji ya zauna, kuma na sha jin kana gaisawa da direbobinmu da ita. Takardun da na kawo da Larabci suna can kan teburin sakatarenka, kullum amsa ɗaya ce, bukra insha Allah, wato sai gobe. Shi ya sa na liƙa wannan a allon sanarwa, inda kowa zai gani. Na san abin da na taɓo. Fasfo ɗina yana cikin durowarka, igamata, takardar izinin zama, da sunan cibiya take, kuma kalma ɗaya daga bakinka ta isa a sa ni jirgin Kano. Matata Hajara ta roƙe ni da girman Allah kada in liƙa, ta ce baƙo ba ya ɗaga murya a gidan mutane. Tana da gaskiya, tsoro ma nake ji wallahi. Amma hutu ya zo bakin ƙofa, shirun ba zai yiwu ba.

Na ɗaya. Abin da ke cikin tankunan gilashin nan mai rai ne. Na san kallon duwatsu ake yi musu a cibiya, har wasu na yi mini tsiya wai an ɗauko ɗan masunta daga bakin Kwara an ba shi kiwon tsakuwa a hamada. Ba na jin haushi, ni ma dariya nake. Amma murjani halittu ne ƙanana ƙwarai, masu taruwa su gina wa kansu gidan dutse, suna ci, suna numfashi, suna girma a hankali kamar farcen mutum. Ruwansu yana son injin da zai riƙa juya shi, da fitila, da sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Idan ruwa ya yi ɗumi ya tsaya cik, sai su yi fari fat, naman ya saɓule, a bar ka da ƙashi.

Kuma waɗannan ba irin wanda za a koma a ɗebo ba ne. Kai da kanka ka tura ni gaɓar Bahar Maliya lokacin da za a cike wani lungun teku a gina wa jiragen ruwa matsaya. Na yi makonni ina nutso, ina ɓallo reshe-reshe da hannuna, injin yasa yana matsowa a bayana. Yau wurin nan kankare ne, manyan motoci na juyawa a kansa. Abin da ya rage na wannan dajin murjani kaf shi ne abin da ke ƙasan ofishinka. Shirinmu, wanda ka amince da shi, shi ne mu raine su har sanyi ya shigo, mu mayar da su teku a wani wuri mai aminci.

Na biyu. Sabuwar doka ta fito cewa duk lokacin da za a rufe gini, a kashe wutarsa gaba ɗaya daga tushe, a sa kwaɗo, makulli kuma ba ya kwana a hannun ɗan kwangila, wato ma'aikaci baƙo irina. Na ji dalilin, an ce gobara ta tashi a wani gini saboda mukayyif da aka bari a kunne. Ban raina dalilin ba, wa ke wasa da gobara? Tsohon mai kula da gini yakan bar mana layin ɗakinmu, fahimta ce kawai tsakaninmu, ba a taɓa rubuta ta ba. Da ya yi ritaya sai fahimtar ta bi shi gida. Wanda ya gaje shi, Abu Nasir, mutumin kirki ne, amma abin da aka rubuta shi yake bi.

Ranar Alhamis ta makon jiya, bayan azahar, ya sauke wutar kamar yadda aka umarce shi, ni ban sani ba, na riga na tafi gida. Da safiyar Asabar ina buɗe ƙofa wari ya mare ni. Ɗakin kamar gidan burodi. Tankin da ke kusa da taga ruwansa ya koma kamar tsinkakken kunu, duk abin da ke ciki ya mutu. Akwai wani mai rassa kamar ƙahon barewa, wanda na fi wahala a kansa, na ɗago shi yana zubar da yauƙi a hannuna. Ban ji kunyar kowa ba, kuka na yi. Sauran tankunan sun sha da ƙyar, har yanzu wasu gefensu fari ne, ina ta canza musu ruwa da ɗan abin da tankar ruwan teku ta kawo.

Ranka ya daɗe, wannan fa hutun ƙarshen mako ne kawai. Na Babbar Sallah ya fi mako, kuma ga irin zafin da ake yi, wanda ko sitiyarin mota sai da tsumma ake kama shi. In aka sauke wutar nan ranar rufe gini, ba za su kai ranar Arfa ba.

Na uku. Kada a ce ban bi ta ƙofa ba. Na je wurin Abu Nasir, ya ba ni shayi, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya buɗe hannu ya ce, "Ya Doktor, mamnu', an hana. Kawo mini sa hannun Mudir." Na hau sama, aka ce kana taro. Na dawo, aka ce ka fita duba wani aiki. Na nemi a buga maka saƙo ta na'urar teles, aka ce sai da izininka ake taɓa na'urar. Na tambayi ko in kwashe su zuwa gidana a unguwar Shumaisi, aka ce kayan cibiya ba sa fita sai da izini, kuma gaskiya ko an bari, ɗaki biyu gare mu da yara uku, wutar gidan ma ba za ta ɗauki injinan ba. Yanzu kuma ana raɗe-raɗin jibi za ka wuce Ɗa'if da iyali. Tun da na ji haka abinci ya daina shiga. Hajara ta ce ko a salla hankalina yana wurin tanki, kuma ban iya musa mata ba.

Ga abin da nake roƙo. A bar layin ɗakin murjani a kunne, shi kaɗai, sauran ginin a kashe. A kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin tun yau, don hankalin kowa ya kwanta game da gobara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a yarda wani ya riƙa shiga safe da yamma yana duba zafin ruwa, domin inji yakan tsaya ba sallama.

Na san inda za a maƙale, wato makulli. To ban nemi a karya doka saboda ni ba. Bana na yi niyyar sauke farali, na sayi harami, na biya kuɗin mota da sauran 'yan ƙasarmu. Na fasa. Idan ɗan kwangila ba zai riƙe makulli ba, Abu Nasir ya riƙe abinsa, ya kulle ƙofar da ni a ciki. Zan shiga da tabarma da buta da dabino da garin kwaki, in yi Sallata a gaban tankunan nan, in tsare su, in tsare muku ginin daga wuta. Ranar da kuka dawo ku buɗe. Hajara ta ce na haukace, amma ta fara soya mini dambun nama. Sa hannunka kawai ya rage.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya tausasa zuciyarka ga halittun da ba su da bakin yin ƙara, ya kai ka Ɗa'if lafiya, ya sa ka karanta wannan kafin ka shiga mota.

Wassalam, daga ma'aikacinka mai jiran amsa a hawa na ƙasa,
Dakta Bawa Ɗanladi