Albasarki Saura Goma Sha Ɗaya, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Yagana,

Bayan sallama da gaisuwa ta ladabi, a durƙushe kamar yadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarsa. Na san takarda ba ta isa inda kike. Ko da kina raye ma sai dai in karanta miki. Amma na rasa wanda zan tambaya, shi ya sa na jawo tawada. In na gama zan karanta wa matan da ke zuwa ɗaukar karatu a gidan nan, ko Allah Ya sa a cikinsu akwai wadda ta san amsa.

Maganar albasarki ce, Inna. Saura goma sha ɗaya.

Kin sha gaya mini cewa mahaifiyarki ce ta ƙullo irinta a bakin zane tun daga Barno, shekaru masu yawa kafin Nasara su shigo garin nan. Ja ce, ƙarama, mai yajin da ke sa hawaye tun daga bakin ƙofa. Ta kowa takan ruɓe da tsakiyar damina, taki kuwa tana nan garau, har matan Gwale su riƙa aikowa a taimaka musu da ko ɗaya. Irinta kuma ba a sayensa. Sai an ajiye kawuna sun ƙetare damina, a sake binne su, su yi fure, sannan a karɓi iri. Ranar da kawunan suka ƙare, ita ma ta ƙare.

Wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne duk sauran.

Shekara nawa kina aikin nan a bayan ɗaki, ni kuwa ina rumfa da 'yan mata da allunansu, tsakaninmu taku goma. Sai ki ɗago ki ce, "Malama, ajiye alƙalamin nan ki zo ki ga yadda ake yi, miya ba ta daɗi da tawada." Ni kuma in ce gobe. Ina ganin hannunki yana aiki, na ɗauka gani shi ne sani. Ni da nake hana ɗalibaina cewa sun iya sura don sun ji ana karanta ta!

Bara kin yayyafa irin gaba ɗaya, kin yi dashe a fangali bakwai, sai ciwon ya kwantar da ke kafin ki binne kawunan iri. Da kika rasu, gida ya cika da masu gaisuwa, masu girki suka nemi albasa. Na ga kwando a ƙarƙashin gadonki na miƙa musu. Da hannuna, Inna. Sai bayan sadakar bakwai na tuna kin taɓa cewa, "Na ƙarƙashin gado ba na tukunya ba ne."

Ya zama saura abin da ke cikin ƙasa. Na ce to, wannan kam ba zan yi sake da shi ba. Safe da yamma ina jan guga. Lawashi ya yi kore shar, har Malam, maigidana, yana tsokanata wai na fi ki hannu.

Da bazara ta kama, sai lawashin ya fara kwantawa. Hankalina ya tashi. Na ce ƙishi ne, wa zai tsaya a wannan rana bai faɗi ba? Na ƙara ruwa. Na kakkafa kara na tallafe waɗanda suka kwanta, ɗaya bayan ɗaya, yadda nake zama kusa da yarinyar da karatu ya ƙi mata. Suka miƙe, na yi murna.

Baba Ɗanladi, tsohon nan mai lambu da ke kai kaya Ƙofar Wambai, ya zo ta'aziyya a makare. Malam ya shigo da shi ya ga aikina. Ina bayan zana ina jiran yabo, sai na ji ya ja salati. Ya ce, "Wa ya tashe su? Albasa in ta kwanta ta gama ne, 'yar nan. Ba ruwa take nema ba, sallama take yi." Sai a lokacin na tuna duk shekara akwai kwanakin da kike rataye guga, ki bi fangali kina danne wuyansu da gefen ƙafa. Wallahi na ɗauka gajiya ce ta sa ki, ko kina jin haushinsu.

Na haƙe su manya-manya, wuyansu kauri kamar babban yatsa, cike da ruwa. Daga nan shawara ta yi mini yawa. Baba Ɗanladi ya ce a shanya su a inuwa kan gadon kara. Wata maƙwabciya ta ce a turbuɗe su a toka. Malam ya ji a bakin masu aiki da Nasara wai kitse lawashin ake yi a rataye. Na raba uku na bi kowa. Damina na sauka, duka ukun suka fara wari. Kullum in ɗauki ɗaya in danna wuyanta, yatsana ya nutse, in kai juji.

Kin san waɗanda suka tsira? Na fangalin ƙarshe, na jikin katanga. Shi ya fi nisa da rijiya, kafin in kai can ruwan tulu ya ƙare, hannuna ya mutu, sai in ce gobe. Su ban tallafe su ba, ban ma so kallonsu don kunya. Ƙanana ne, wuyansu a tsuke, ɓawonsu yana ƙara in an taɓa. Irin naki sak. Su ne goma sha ɗayan.

Abin nan ya ɗaure mini kai, Inna. Waɗanda na yi wa hidima sun ruɓe, waɗanda na yi wa laifi sun rayu. Jiya wata yarinya ta tsaya a aya ta kasa wucewa, na buɗe baki zan ɗora mata kamar kullum, sai na rasa ko taimako ne ko ƙarin ruwa. Na bar ta da allonta.

Yanzu ruwa ya ɗauke, lokacin binnewa ya yi, uku ma har sun fara tsiro. Malam ya ce in huta, tun da jirgin ƙasa ya iso babu irin da ba a samu a kasuwa. Gaskiyarsa, amma ba naki ba ne.

Ga tambayata. Ina ganin kamar kina yanke saman kowane kai da wuƙa kafin ki binne. Ban tabbata ba. Abin da na tabbata shi ne, duk shekara in kaka ta yi, akwai ranar da miyarmu ke cika da 'yan guntayen albasa masu kama da hula, kina cewa, "Ku ci, yau rabonku ke nan, sauran na ƙasa ne." Baba Ɗanladi ya ce wasu na yankewa don ta yi 'ya'ya da yawa, wasu ba sa yi, shi bai san irin Barno ba. In na yanke alhali ba a yankewa, na kashe su. In na bari alhali ana yankewa, ban san me zai faru ba.

Na yi niyyar yanke shida in bar biyar, sai na tuna abin da bin kowa ya jawo mini. Ke ba kya raba aiki biyu don tsoro. Idona bai riƙe komai ba a shekarun nan, amma harshena ya riƙe miyar nan. Ita zan bi. Na wasa wuƙarki, na gyara fangalin jikin katanga. Gobe da hantsi zan yanke saman duka goma sha ɗayan.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga ruwan Alkausara. Ya yafe mini duk goben da na ce miki. Ya sa kada abin da kakata ta ƙullo a bakin zane ya ƙare a hannuna.

Guntayen kuwa zan zuba a miya, in ce wa yara su ci, sauran na ƙasa ne.

'Yarki mai kewarki,
Falmata